Birnin da Ba Shi da Gabas

Ranar da Yaya Mudassir ya shigo gida da kwalin nan a hammatarsa, ni ce na fara cewa ban yarda da shi ba. Amma da yake an san ni da tsoro, ko ƙadangare ya gifta sai na yi salati, babu wanda ya saurare ni.

Yaya gyaran waya yake yi a wata rumfa a bakin kasuwa. Ya ce wani dogon mutum mai farar riga ne ya ajiye masa kwalin, ya ce a duba, zai dawo. Bai faɗi abin da ya lalace ba. Da Yaya ya ɗaga kai zai tambaye shi, sai ya hango shi can ƙarshen layin 'yan tumatir, alhali bai ga ya ɗaga ƙafa ba.

Tabarau ne guda biyu a ciki, irin manyan nan masu kama da ƙaramin akwati, waɗanda ake ɗaurawa a fuska mutum ya riƙa ganin kansa a wata duniya. Na taɓa karanta labarin irinsu, kuma duk caji ake yi musu. Waɗannan ba su da ramin caji, ba su da maɓalli, in ka taɓa su kuwa da ɗumi kamar jikin kyanwa.

Na ce, "Yaya, ka mayar wa mai shi."

Ya ce, "To Malama Shafa'atu mai karatu, a shafi na nawa aka rubuta gidansa?"

Mu uku ne a gidan, ni da shi da kakarmu Iya Tabawa da ta rene mu. Ɗakin Yaya a zaure yake, ɗan ƙarami, amma na fi shi saninsa, don can nake ɓuya da littafi idan Iya ta fara cigiyar mai tsince shinkafa. Ƙofarsa a yamma take, mai salla baya yake ba ta. Tabarmar kaba ce a shimfiɗe, kuma a gefenta na wajen ƙofa akwai wata ƙuna da maganin sauro ya yi, wadda nake sa ɗan yatsan ƙafata a ciki in ina karatu.

Tun da Yaya ya fara ɗaura tabaran nan ya canza. Zai miƙa hannu ya ɗauki kofi sai ya damƙi iska. A tsakar gida sai ya sunkuya kamar zai shige ƙarƙashin reshe, alhali babu komai a wurin. In ya zo dokin ƙofa sai ya tsaya yana leƙen ƙasa kamar mai duba rijiya. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Gidan nan ya matse, Iya. Da kin ga inda nake zuwa!"

Sai kuma tabarma ta fara hawa bango. Da can in an shimfiɗa ta har wurin ajiye takalma take bari. Yanzu gefenta ya lanƙwashe ya jingina da bango kamar mai neman tashi tsaye.

Na gaya wa Iya. Ta ce, "Tabarma ba ta girma, 'yar nan."

"To ai shi ne, Iya. Ɗakin ne ke raguwa."

"Rufe mini baki. Littattafan nan sun fara taɓa ki."

Na rufe bakin, amma na buɗe ido. Wata rana na laɓe a zaure ina leƙensa. Yana zaune da abin a fuska, yana murmushi shi kaɗai. Can sai na ji ya ce, "Maraba, maraba. Bismillah, ga wuri." Ya ɗan matsa gefe, irin yadda Iya ta koya mana, don a gidanmu ba a barin baƙo a tsaye. Yana matsawa na ji wani gurnani kamar ana jan dutsen niƙa, kuma da idona na ga bango ya biyo shi.

Ranar da abin ya kai maƙura, bayan azahar ne. Na kai masa abinci na tarar ɗakin ya koma kamar akurki. Gwiwarsa ɗaya tana taɓa bangon kudu, abin da ya rage a arewa bai fi wurin tsayuwar mutum ɗaya ba. Na kira shi, bai amsa ba. Na ruga na jawo Iya. Ta kama maɗaurin tabaran za ta fizge, ya ƙwalla ƙara, jini ya ɓalle masa ta hanci, dole ta saki. Ta ɗauki ɗayan ta kara a fuskarta, ta ce duhu kawai take gani, da ma yanar ido ta daɗe da cin ƙarfinta. Sai ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Iya, ni fa ko kaza ba na iya kamawa."

"Na sani. Amma ke ba kya yarda da komai, shi kuwa wannan sakaran da kowa yake yarda. Cire takalmi. Ba a hawa tabarma da takalmi ko da aljanu ne a kanta."

Ta tsayar da ni kusa da shi, fuskata gabas, bayana ga ƙofa, dunduniyata a kan ƙunar nan. Tana ɗaura mini abin ta ce, "Duk abin da suka nuna wa idonki, ki tambayi ƙafarki."

Ina buɗe ido na gan ni a wani farin fili wanda ba shi da iyaka. Haske ko'ina, amma babu rana, babu inuwa, balle mutum ya ce nan ne gabas. Ga wata bishiya dab da ni, 'ya'yanta kamar ƙwan zinariya. Na miƙa hannu, na damƙi iska. Can nesa kuma ga wani shuɗin dutse, wanda a ganina sai an yi tafiyar yini kafin a kai gindinsa. Na ɗaga ƙafa na nufe shi, sai ƙum! Goshina ya bugu, har na ji ƙanshin jar ƙasa a hancina. Na koma da baya na mayar da dunduniyata inda take. Daga nan na gane cewa a ƙasar nan na kusa shi ne na nesa, na nesa kuma shi zai fasa maka kai. Sai na riƙa ɗaga ƙafa ina mayarwa a wuri ɗaya, filin kuwa ya dinga gudu a ƙarƙashina kamar ruwan kwata.

Ban daɗe ba na iso wata ƙofa tsaye ita kaɗai, babu ganuwa a hagunta, babu a damanta. A bakinta wani halitta ne mai idanu tun daga goshi har ciki, amma daga ƙugu zuwa ƙasa hayaƙi ne kawai. Duk idanun suka juyo kaina.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ki, ya ke 'yar masu bango. Ni ne Dogarin Nesa, mai tsaron Birnin Sarari, wanda ba shi da gabas balle yamma. Me ya fito da ke daga ƙuncinku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wana nake nema, Mudassir."

"Mai karamci! Sunansa ya cika birni. Shiga, amma ba a shiga wurinmu da ƙafa tsirara." Ya miƙo mini wasu takalman azurfa, cikinsu da laushi kamar audugar rimi.

Wallahi sun yi kyau. Amma na tambayi kaina, wanda ba shi da ƙafa, me ya haɗa shi da ajiyar takalmi? Na motsa yatsuna, na ji kaushin kaba. In na sa su, shi ke nan ba zan ƙara jin ta ba.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, a gidanmu ba a taka shimfiɗa da takalmi. Ni kuwa shimfiɗa nake ji a ƙarƙashina."

Idanunsa suka ƙifta gaba ɗaya, suka yi ƙara kamar tashin fara. Ya ce, "Wadda ta aiko ki ta san abin da ta aiko. Wuce."

Bayan ƙofar kasuwa ce, amma ban taɓa ganin irin hajarta ba. Ƙore ne jere a rufe da faifai, masu sayarwa suna shawagi a kansu, duk ba ƙafa. Suna talla: "Ga tsakar gida mai inuwar dalbejiya! Ga ƙarƙashin gado, sabon kamu! Ga bakin murhu da ɗuminsa!" Wani ya ɗaga mini faifai, na leƙa. Kusurwar da nake karatu ce a ɗakin Yaya, har da ƙusar da yake rataye riga, tana kwance a cikin ƙwarya kamar kindirmo.

Na ce, "Wannan tamu ce! A ina kuka sato ta?"

Mai ƙwaryar ya dafe ƙirji. "Subhana! Ya ke baƙuwa, mu ba ma sata. Ba ma ɗaukar ko faɗin tafin hannu sai wanda aka ba mu da baki da kuma jiki."

Nan jiri ya ɗebe ni. Ido na cewa ina tafiya, ciki na cewa ƙarya ne, har amai ya taso mini. Na durƙushe na zauna a inda nake. Ina cikin mayar da numfashi sai ga wata tsohuwa ta nufo ni, 'yar ƙarama, da goro a bakinta, da irin ɗaurin ɗankwalin Iya. Ta ce, "Sannu 'yar nan. Wayyo bayana. Tun safe nake yawo."

Ban yi shawara da kaina ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba tun ina yarinya. Na matsa, na ce, "Sannu Iya, ga wuri."

Dutsen niƙa ya yi gurnani. Wani abu mai sanyi ya dafa kafaɗata ta arewa, kuma ko ban gan shi ba na san bango ne. Tsohuwar ta zauna, ta yi ajiyar zuciya, hayaƙin da ke ƙarƙashin zanenta ya dunƙule, sai ga ƙafafu biyu sun fito, har da lalle. Ta miƙe su tana kallo kamar amarya.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Rabona da zama tun kafin a haƙa rijiyar garinku."

Na miƙe da ƙyar, don wurin ya ƙara matsewa. Na laluba da dunduniya har na sami ƙunar, na ci gaba da ɗaga ƙafa ina kuka, ban ƙara amsa gaisuwar kowa ba.

Fadar ba ta da rufi, ba ta da bango, darduma ce kawai ja da ta tafi iyakar ganin ido. A tsakiyarta ga Yaya Mudassir zaune cikin alkyabba, kewaye da baƙi cincirindo, kowannensu da sababbin ƙafafu yana wasa da yatsu. Ya gan ni ya washe baki.

"Shafa! Ke ma kin zo? Dubi wuri, don Allah! Ko duk mutanen garinmu suka zo ba za su cika shi ba."

Yana maganar yana haki. Kafaɗunsa a ƙanƙame suke, gwiwoyinsa sun haɗe da ƙirji, shi kuwa bai sani ba.

Na ce, "Yaya, miƙe hannunka."

Ya gwada, hannun ya tsaya a rabi. Ya yi dariya. "Sagewa ce. Na daɗe a zaune."

Sai baƙin suka sunkuyar da kai. Wani dogon mutum mai farar riga ya taho, bai ɗaga ƙafa ba don ba shi da ita, kuma tun daga nesa na gane mai kwalin ne. Faɗinsa ya yi biyun na kowa.

Ya ce, "Ni ne Sarkin Sarari. Ya ke yarinya, kada ki dube mu da idon zargi. Ku an ba ku ƙasa an hana ku faɗi, mu an ba mu faɗi an hana mu wurin sa ƙafa. Mun shayar da idon ɗan'uwanki abin da bai taɓa gani ba, shi kuma ya zaunar da talakawana. Ina zalunci a nan? Saura ni kaɗai, kuma sarki ba ya zama sai bayan jama'arsa."

Ya juya ga Yaya, ya tsaya a kansa shiru, irin tsayuwar da ɗan mutunci ba ya iya jurewa. Na ga Yaya ya fara dafa ƙasa zai matsa. Na san in ya ba wannan wuri, bangon kudu da na arewa za su gaisa, mu kuwa muna tsakani.

Na danne kafaɗarsa. Tsoro ya sa kaina ya yi aiki da sauri. Na tuna duk gidan da Iya ta taɓa kai ni, ban taɓa ganin inda baƙo ya shiga ya ce wa masu gida ga wuri ba. Na murza dunduniyata, ƙunar maganin sauro tana nan a ƙarƙashin jar dardumar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. A ƙasarku, wa ke ba wani wurin zama, mai gida ko baƙo?"

Ya ce, "Mai gida."

"To ashe mu ba mu je ko'ina ba. Ku kuka zo. Wannan tabarmar Yayana ce, nan kuma zaurenmu ne." Na yi irin muryar da Iya ke yi in baƙi sun zarce da hira. "An gode da ziyara, Allah ya bar zumunci. La'asar ta gabato, mai ɗaki zai yi salla. Ku tashi mu taka muku."

Yaya ya ja gefen zanena. "Ke Shafa, ba ki da kunya? Korar baƙi?"

"Rakiya ce, Yaya. Ai ba kora ba ce."

Fuskar sarkin ta yi duhu kamar hadarin gabas. Ya ce, "Baƙon da aka yi wa tayin rakiya ba ya ƙara zama. Wannan doka ta hau kanmu kamar yadda ta hau kanku. Amma rakiya ba ta cika sai a bakin ƙofa. Nuna mana ƙofarku, ya ke mai gida. In kika kuskure, zamanmu ya tabbata, ni ma in zauna."

Ya ɗaga hannun riga. Nan take ƙofofi suka tsiro ta ko'ina, na zinariya, na hauren giwa, na ruwa mai gudu. A gabana sosai kuma ga ƙofar ɗakin Yaya, da labulenta mai zanen dawisu, ga Iya a tsaye tana yafito ni. "Taho 'yar nan, taho, ga hanya."

Na waiga baya. Dardumar ta yanke daidai dunduniyata. Rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa, can ƙasa wata wuta tana juyi kamar tafasasshen manja, har ina jin hucinta a ƙeyata.

Na ƙara duban Iyar da ke gabana. Komai nata ne, har haƙorin da ya fita. Amma ni fuskata gabas aka tsayar da ni, kuma tunda aka gina ɗakin nan ba a taɓa yi masa ƙofa a gabas ba. Wannan Iyar kuma daga can nesa ta hango ni sarai, alhali tawa sai na zo dab take cewa wace ce.

Na kama hannun Yaya na ja shi baya. Ya waiga ya ga ramin, ya turje.

"Shafa, kin haukace? Wuta ce!"

"Dokin ƙofa ne, Yaya."

"Ina ganinta da idona!"

"Da idon naka ka ga dutse a nesa, sau nawa ka fasa goshi? Rufe su, don girman Allah. Yau ɗaya ka bi matsoraciya."

Ya rufe. Ni ma na rufe nawa, na yi bisimilla, na jefa ƙafa cikin ramin.

Dunduniyata ta daki dokin ƙofa, wani zafi ya harba har tsakar kaina, kuma ban taɓa jin zafin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Muka faɗo zaure a kan juna. Na daure na ce, "Ku gaida gida!" Sai wata iska ta fito daga ɗakin ta bi ta kanmu, da ƙarar ƙafafu masu yawa, ƙarar tana raguwa tana raguwa har ta zama huci kawai. Daga ƙarshe wani abu mai faɗi ya wuce, ya ce a kunnena, "Kin iya rakiya, 'yar masu bango."

Tabaran suka suɓuce da kansu, suka faɗi, sun yi sanyi kamar ƙarfe. Abin da na fara gani shi ne Iya tsaye da muciya a hannu, wai da ita za ta tare bango. A cikin ɗaki dutsen niƙa ya yi ta gurnani, bangaye suna komawa mazauninsu, tabarma ta sauko ta kwanta.

Yaya ya daɗe yana shafa ƙasa da tafin hannunsa. Ya ce, "Iya, ashe zauren nan da faɗi haka?"

Ta ce, "Da faɗi mana, ja'iri. Kakanka har jaki ya ɗaure a cikinsa."

Ta haƙa rami a bayan gida ta binne kwalin, ta ɗora turmi a kai. Sannan ta shiga ɗakin tana bin bango da hannu. Da ta kai kusurwar arewa sai ta tsaya. A nan gefen tabarmar yana nan a lanƙwashe, daidai wurin zaman mutum ɗaya, ɗan ƙarami.

Ta ce, "Wa aka bari ba a raka ba?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce, Iya. A kasuwa na bar ta, ba ta zo fada ba. Da ɗaurin ɗankwalinki ta zo mini."

Iya ta ce, "To, ai ba ki yi abin kunya ba. Amma ta samu iyakar rabonta."

Yaya ya koma rumfarsa. Har yau in baƙo ya yi sallama, sai ya fara miƙa hannu ya taɓa bango kafin ya ce ga wuri, mutane suna ta yi masa dariya. Ni kuwa na koma karatuna a ɗakin, ɗan yatsana a cikin ƙunar tabarma. Wani lokaci, in gari ya yi shiru bayan azahar, nakan ji ƙanshin goro daga kusurwar arewa, sai wata 'yar murya ta ce, "Sannu 'yar nan. Ɗan ƙara matsa mini kaɗan."

Sai in ce, "Sannu Iya, ina gajiya?" In juya shafi, ina nan inda nake.